Yadda Torent Yake Aiki da Yadda Ake Sauke Fayil da Shi

Idan mutum ya danna mahaɗi domin sauke fayil ta hanyar da aka saba, kwamfutarsa tana magana ne da na'ura guda ɗaya, wato sabar da aka ajiye fayil ɗin a kanta, kuma duk mai son wannan fayil daga wurinta zai karɓa. Muddin masu nema ba su da yawa, komai yana tafiya daidai. Amma ranar da dubban mutane suka taso a lokaci guda suna neman fayil mai nauyin gigabait biyar, layin sabar yakan cika, gudu ya ragu, wani lokaci ma ta tsaya cak, sannan mai ita ne zai biya kuɗin duk datar da ta fita. An ƙirƙiro torent ne domin magance wannan matsala, kuma da dabara ɗaya ya magance ta: duk wanda yake saukewa, a daidai lokacin yana kuma ba wa wasu abin da ya riga ya samu. Wanda ya riƙe wannan magana zai gane dalilin da ya sa wani torent yake gudu wani kuma yake jan ƙafa, da abin da yake cinye masa data bayan ya gama saukewa, da kuma inda haɗarin tsaro da na shari'a suke shigowa.

Rarraba fayil hannu da hannu tsakanin kwamfutoci ya girmi torent. A 1999 Shawn Fanning ya fito da Napster, inda mutane suke musayar waƙoƙi kai tsaye a tsakaninsu, amma jerin wanda yake da me yana kan sabar kamfanin, don haka da kotun Amurka ta matsa wa kamfanin lamba, aka rufe hanyar a watan Yuli na 2001. A wannan shekarar ce Bram Cohen ya fitar da BitTorrent, wato tsarin da torent yake aiki a kansa, kuma abin da ya bambanta shi da na baya shi ne ya mayar da hankali kan manyan fayiloli, ya kuma tsara ƙa'idar yadda mai bayarwa zai fi samu.

Dabarar yanka fayil gutsi-gutsi

A ɗauka malami yana da littafi kwafi ɗaya mai shafi ɗari, ɗalibai talatin kuma kowa yana son ya kwafe shi. Idan kowane ɗalibi zai jira littafin ya zo hannunsa ya kwafe shi gaba ɗaya, na ƙarshe zai daɗe yana jira. Amma idan malamin ya ba wannan shafi na ɗaya, ya ba wancan shafi na biyu, sannan ɗaliban suka riƙa karɓar shafuka daga juna, cikin ɗan lokaci kowa zai kammala, kuma malamin bai buƙaci ya fitar da kowane shafi fiye da sau ɗaya ba. Haka torent yake yi. Ana yanka fayil zuwa gutsattsari masu girma ɗaya, galibi daga kilobait 256 zuwa megabait kaɗan, sai kowace kwamfuta ta riƙa neman gutsuren da ba ta da shi daga duk wanda yake da shi, ba tare da bin jeri daga farko zuwa ƙarshe ba.

Dukkan kwamfutocin da suke kan fayil ɗaya a lokaci guda su ne gungun wannan torent ɗin. Waɗanda suka kammala saukewa suka bar manhajarsu a buɗe tana bayarwa su ne masu shuka, kuma manhajoji suna nuna adadinsu a ƙarƙashin Seeds. Waɗanda ba su kammala ba, suna karɓa suna bayarwa, su ne takwarori, ana ganin adadinsu a ƙarƙashin Peers.

Abin da yake cikin fayil ɗin .torrent

Mutane da yawa suna mamakin ganin sun sauke fayil mai ƙarewa da .torrent cikin daƙiƙa ɗaya, alhali abin da suke nema yana da nauyin gigabait. Dalili shi ne wannan ɗan fayil ba ya ɗauke da ko gutsure ɗaya na ainihin abin da ake nema. Bayani ne kawai a cikinsa: sunan fayil ko sunayen fayilolin da girman kowannensu, da girman gutsuren da aka yanka su a kai, da adireshin tiraka (sabar da take nuna wa kwamfutoci inda za su sami juna) idan akwai, sai kuma hatimin kowane gutsure.

Hatimin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne yake sa mutum ya iya karɓar kaya daga baƙin da bai sani ba kuma ya amince da abin da ya karɓa. Akwai wani lissafi da ake kira SHA-1, wanda idan aka ba shi kowane irin bayani, sai ya fitar da lamba mai tsawon bait 20, kuma idan aka canza ko da harafi ɗaya a cikin bayanin, lambar da za ta fito ba za ta yi kama da ta farko ba. Wanda ya haɗa torent yana lissafa wannan lamba ga kowane gutsure ya rubuta su a jere. Misali, fayil mai gigabait 4 da aka yanka a kan megabait 2 zai ba da gutsure 2,048, kuma hatimansu gaba ɗaya ba za su wuce kusan kilobait 40 ba. Duk lokacin da gutsure ya gama shigowa, manhaja tana sake lissafa hatiminsa ta gwada da wanda yake rubuce; idan suka dace ta ajiye, idan suka saɓa ta zubar ta sake nema, kuma manhajoji da yawa sukan toshe takwaran da ya yawaita turo gurɓataccen gutsure. Sabon tsarin ƙa'idar, wato BitTorrent v2, yana amfani da SHA-256 wanda ya fi ƙarfi, amma manufar ɗaya ce.

Bayan haka ana ɗaukar sashen bayanin gaba ɗaya a lissafa masa nasa hatimin, wanda a tsohon tsari ake rubuta shi da haruffa da lambobi 40. Wannan shi ne sunan torent ɗin a faɗin duniya, da shi kwamfutoci suke gane cewa abu ɗaya suke nema. Mahaɗin magnet, wanda yake farawa da magnet:?xt=urn:btih:, wannan hatimin ne kawai a rubuce, wani lokaci tare da suna da adireshin tiraka. Idan aka buɗe shi, manhaja za ta fara neman takwarori da hatimin, ta karɓi sauran bayanin daga wurinsu, sannan ta fara ainihin saukewa. Shi ya sa magnet yakan ɗan yi shiru da farko kafin jerin fayiloli ya bayyana.

Yadda kwamfutoci suke samun juna

Hanya ta asali ita ce tiraka. Tiraka sabar ce wadda ba ta ajiye fayil ko ɗaya, aikinta rajista ne. Manhaja takan gaya mata hatimin torent ɗin da take so da adireshin da za a same ta, ita kuma tiraka ta mayar mata da jerin adireshin IP na wasu da suke cikin gungun. Daga nan tiraka ta gama nata, duk abin da zai biyo baya tsakanin kwamfutocin ne kai tsaye.

Da yake tiraka tana iya mutuwa ko a rufe ta, a 2005 aka ƙara hanyar da ake kira DHT, wadda aka gina a kan tsarin Kademlia da Petar Maymounkov da David Mazières suka wallafa a 2002. A nan rajistar ba ta hannun sabar ɗaya, an raba ta ne a kan dukkan manhajojin da suke buɗe. Kowace manhaja tana da lambar shaida, kuma ita ce take riƙe bayanin torent-torent ɗin da hatiminsu ya yi kusa da lambarta. Mai nema yakan tambayi waɗanda ya sani, su nuna masa waɗanda suka fi su kusa da hatimin, haka-haka har ya iso ga waɗanda suke riƙe da jerin. Akwai kuma PEX, inda takwarorin da suka riga suka haɗu suke gaya wa juna wasu da suka sani, da kuma neman takwarori a cikin gida, wanda yake sa kwamfutoci biyu da suke kan rawuta ɗaya su riƙa ba wa juna ba tare da sun fita intanet ba.

Ƙa'idar ba ni in ba ka

Da zarar an haɗu, kowa yana sanar da ɗan uwansa gutsattsarin da yake da su, sai a fara roƙo a ƙananan ɓangarori na kilobait 16. Manhaja tana fara neman gutsuren da ya fi ƙaranci a cikin gungun, domin kada mutum ɗaya tilo da yake riƙe da shi ya kashe kwamfutarsa kowa ya maƙale. Wannan ne dalilin da ya sa fayil ɗin da ya kai kashi 90 cikin ɗari galibi ba ya buɗuwa: giɓin yana warwatse ne a ko'ina cikinsa.

Wajen bayarwa kuma akwai zaɓi. A tsarin asali, manhaja tana buɗe wa takwarori kaɗan ƙofa, yawanci huɗu, tana zaɓar waɗanda suka fi turo mata da sauri, kuma tana sake duba lissafin kowace daƙiƙa 10. Kowace daƙiƙa 30 kuma takan buɗe wa wani guda ɗaya ba tare da duba abin da ya bayar ba, domin sabon shiga wanda ba shi da komai ya samu abin farawa, ita ma ta gwada ko za ta dace da abokin musaya mafi kyau. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da ke cikin ƙa'idar, domin ba ta dogara da kirkin mutane ba, ta tsara lamarin ne yadda mai neman amfanin kansa ma sai ya bayar kafin ya samu da sauri. Saboda haka wanda ya matse gudun bayarwarsa har ya kusa sifili, sau da yawa kansa yake ragewa gudu.

Mataki na farko: manhaja

Ana buƙatar manhajar da ta iya wannan ƙa'ida. A kwamfuta, qBittorrent da Transmission da Deluge duk kyauta ne, lambobin da aka rubuta su da su a buɗe suke ga kowa ya duba, kuma ba sa nuna talla. A wayar Android akwai LibreTorrent. Da yawa sun fi sanin µTorrent saboda daɗewarta tun 2005, amma nau'inta na kyauta yana ɗauke da talla, kuma ban ga abin da take yi wanda qBittorrent ba ta yi ba. Bayanin da zai biyo baya a kan qBittorrent na gina shi, sauran ma ba su yi nisa da ita ba. A sauke manhajar daga shafinta na asali kawai, a duba adireshin da kyau kafin a danna, domin akwai shafukan bogi da suke ɗaukar sunayen sanannun manhajoji su cusa musu mugun abu.

Mataki na biyu: saiti kafin a fara

Minti biyar da za a ɓata a nan sukan hana ɓacin rai daga baya. A shiga Tools sannan Options. A sashen Downloads a zaɓi foldar da za a riƙa ajiya, a tabbatar akwai wadataccen fili a ma'ajiyar. A sashen Speed a sa iyaka ga gudun bayarwa, kamar kashi uku cikin huɗu na abin da layin yake iya fitarwa, saboda idan bayarwa ta cika layin taf, hatta ƙananan saƙonnin da kwamfuta take turawa domin tabbatar da karɓar kaya ba sa samun hanya, sai saukewa ta ragu, buɗe shafuka ma ya yi nauyi ga kowa a gidan.

Sai batun ƙofa, wanda yake a sashen Connection. Kowace manhaja tana sauraron masu neman ta a wata ƙofa mai lamba. A da ana amfani da 6881 zuwa 6889, yanzu kuwa manhajoji sukan zaɓi wata lamba da kansu. Idan rawuta ta rufe wannan ƙofa, manhaja za ta iya kiran wasu amma wasu ba za su iya kiran ta ba, kuma kwamfutoci biyu da dukkansu suke a rufe yana da wuya su haɗu. Kunna UPnP yakan sa manhaja ta roƙi rawuta ta buɗe ƙofar da kanta. Masu amfani da datar waya kuwa galibi kamfanin sadarwa yana haɗa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, don haka ba su da ikon buɗe ƙofar. Torent zai yi musu aiki, sai dai takwarorin da za su samu za su ragu.

Abu na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci ga duk wanda datarsa take da iyaka, shi ne iyakar shuka a sashen BitTorrent. Manhaja tana lissafa rabon abin da aka bayar a kan abin da aka karɓa, tana nuna shi a ƙarƙashin Ratio. Idan aka sauke gigabait 5 aka kuma bayar da gigabait 5, rabon ya zama 1.0, kuma datar da ta tafi gigabait 10 ce. Idan ba a sa iyaka ba, manhaja za ta ci gaba da bayarwa muddin tana buɗe, ko da an rufe tagarta tana ɓoye a gefen agogo. A rubuta mata rabon da za ta tsaya a kai gwargwadon ƙarfin mutum.

Mataki na uku: samun torent daga tushe mai kyau

Mafi kyawun abin koyo shi ne fayil ɗin da masu shi da kansu suka fitar ta wannan hanya. Ubuntu da Debian da Fedora da Linux Mint, waɗanda nau'o'in tsarin sarrafa kwamfuta ne na Linux, duk suna ba da torent na tsarinsu a shafukansu, haka ma manhajar ofis ta LibreOffice. Internet Archive tana ba da torent ga ɗimbin littattafai da sautuka da bidiyon da take ajiye da su, Kiwix kuma tana rarraba kwafin Wikipedia da ake karantawa ba tare da intanet ba. Irin waɗannan suna da masu shuka da yawa, kuma wasunsu suna haɗawa da adireshin sabar ta yau da kullum a cikin torent ɗin, yadda ko babu kowa a gungun za a samu inda za a ɗebo.

A nan ya kamata a faɗi maganar shari'a a fili. Ƙa'idar kanta ba laifi ba ce, manyan kamfanoni ma sun yi amfani da ita: Blizzard ta daɗe tana raba sabuntawar wasan World of Warcraft da ita, Facebook da Twitter kuma sun yi amfani da ita wajen tura manhaja zuwa dubban sabobinsu. Laifin yana ga abin da aka ɗauko. Fim ko littafi ko manhajar da masu haƙƙinta ba su ba da izini ba, saukewarta keta haƙƙin mallaka ne a dokokin yawancin ƙasashe, kuma torent yana ƙara wa lamarin nauyi, domin mai saukewa a lokaci guda mai rarrabawa ne. A watan Afrilu na 2009 wata kotu a Suwidin ta yanke wa mutum huɗu masu alaƙa da shafin The Pirate Bay hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da diyyar krona miliyan 30, a Jamus kuma lauyoyin masu haƙƙi sukan aika wa mutum takardar neman biyan kuɗi har gida bayan sun ga adireshinsa a cikin gungu. Ko babu kotu ma, abin da wani ya sha wahala ya samar yana sayarwa, haƙƙinsa ne.

Mataki na huɗu: buɗewa da duba abin da ke ciki

Idan aka danna fayil ɗin .torrent ko mahaɗin magnet, taga za ta buɗe da jerin duk fayilolin da suke ciki da girman kowanne. Kada a yi gaggawar danna OK. A karanta jerin, a cire alama daga abin da ba a buƙata, domin manhaja tana iya sauke wani sashe ta bar wani. Sannan a dubi ƙarshen sunan kowane fayil. Bidiyo yakan ƙare da .mp4 ko .mkv, littafi da .pdf ko .epub, hoton faifan tsarin kwamfuta da .iso. Idan abin da aka ce bidiyo ne ya ƙare da .exe ko .scr ko .lnk, ko aka ga suna mai ƙarshe biyu kamar darasi.mp4.exe, to manhaja ce aka ɓoye, a soke nan take. Haka nan fayil ɗin da aka matse aka sa masa kalmar sirri tare da umarnin a je wani shafi a karɓo ta, da bidiyon da ya ce sai an girka wata manhaja ta musamman kafin ya buɗe, duk tarko ne. Yana da kyau masu Windows su kunna nuna ƙarshen sunayen fayiloli, domin a saitin asali a ɓoye yake.

Hatimin da aka yi bayani a baya ba ya kare mutum daga wannan. Abin da yake tabbatarwa shi ne abin da ya iso daidai yake da abin da mai haɗa torent ɗin ya zuba. Idan mugun abu ya zuba, za a same shi cikakke babu gurɓata. Amana tana ga tushen da aka ɗauko torent ɗin.

Mataki na biyar: karanta abin da allon yake nunawa

Bayan an fara, layin torent ɗin zai nuna ci gaba da gudun karɓa da gudun bayarwa da ƙiyasin lokacin da ya rage. A ƙarƙashin Seeds za a iya ganin abu kamar 12 (340), ma'ana an haɗu da masu shuka 12 daga cikin 340 da aka san suna nan. Gudu yakan fara a hankali ya riƙa hawa, domin sai manhaja ta tara wasu gutsattsari kafin ta samu abin musaya. Akwai kuma lambar Availability, wadda take nuna kwafi nawa cikakku za a iya haɗawa daga waɗanda aka haɗu da su. Idan ta kai 1.0 ko ta wuce, ana iya kammalawa ko da babu mai shuka ko ɗaya, tunda gutsattsarin duk suna nan a hannu daban-daban. Idan ta tsaya a 0.97, akwai gutsattsarin da babu mai su a yanzu, kuma saukewar za ta tsaya a wurin har sai wani mai cikakken kwafi ya dawo. Babu wani saiti da zai gyara wannan, sai jira ko neman wani torent.

A danna shafin Peers da ke ƙasa a duba. Za a ga jerin adireshin IP, da tutar ƙasar kowanne, da sunan manhajar da yake amfani da ita, da kashin da ya samu. Kamar yadda ake ganin nasu, haka suke ganin na mai kallo, kuma duk wanda ya shiga gungun zai iya rubuta wannan jeri ya ajiye. Ɓoye bayani da ake kunnawa a cikin manhaja yana wahalar da kamfanin sadarwa wajen gane irin zirga-zirgar, amma ba ya ɓoye adireshi daga takwarori. VPN yana sa su ga adireshin kamfanin VPN a maimakon na mutum, wato an mayar da amana hannun wannan kamfani, kuma ba ya halatta abin da doka ta hana. Wanda yake amfani da shi ya shiga sashen Advanced ya ɗaure manhajar a kan layin VPN ɗin, domin idan ya yanke ita ma ta tsaya. Tor kuwa, wani tsari na ɓoye adireshin mutum a intanet, masu kula da shi sun daɗe suna gargaɗin kada a bi da torent ta cikinsa, saboda yana cika musu layi kuma adireshin yakan fallasa duk da haka.

Ana iya dakatar da saukewa ko a kashe kwamfuta a kowane lokaci, idan aka dawo za ta ɗora daga inda ta tsaya. Idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki, a danna torent ɗin da maɓallin dama a zaɓi Force recheck. Manhaja za ta bi gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya tana gwada hatiminsu, ta sake sauke waɗanda suka lalace kawai.

Mataki na shida: bayan an kammala

Da ci gaba ya kai ɗari bisa ɗari, matsayin zai koma Seeding, wato kwamfutar ta shiga sahun masu shuka. Idan abin da aka sauke tsarin kwamfuta ne da za a girka, yana da kyau a ƙara tabbatarwa: masu Ubuntu, alal misali, suna wallafa lambar SHA-256 ta kowane fayil a shafinsu, sai a lissafa ta wanda aka samu da umarnin sha256sum a Linux ko Get-FileHash a PowerShell na Windows, a gwada su. Sauran fayiloli kuma a bi su da manhajar kariya kafin a buɗe.

Wanda yake da layi marar iyaka, ina ba shi shawara ya bar shuka har rabon ya kai 1.0 ko fiye, musamman a kan torent mai ƙarancin masu shuka, domin a can ne gigabait ɗaya yake da tasiri. Torent mai masu shuka dubu ba zai ji tafiyar mutum ɗaya ba. Wanda datarsa ƙididdigaggiya ce ya bayar da abin da zai iya ya tsayar. Kada a canza wa fayil suna ko wuri daga wajen manhaja yayin da ake shuka, domin za ta neme shi ta rasa. Akwai Set location a cikinta da zai matsar da shi lafiya. Wajen cire torent daga jeri kuma a lura da akwatin da yake tambaya ko a goge har da fayilolin.

Haɗa torent na kai

Wanda yake da babban abu nasa da yake son raba wa mutane da yawa, kamar jerin darussan da ya naɗa ko hotunan wani taro, zai iya haɗa torent cikin minti kaɗan. A shiga Tools a zaɓi Torrent Creator, a nuna fayil ko folda, a bar girman gutsure a kan zaɓin da manhaja take yi da kanta, a ƙara adireshin tiraka ta jama'a ɗaya ko biyu idan ana so, ko a dogara da DHT. Akwai akwatin da ake kira Private; idan aka sa masa alama, manhajoji za su kashe DHT da PEX a kan wannan torent, kuma ba za a sami takwarori ba sai ta tiraka, don haka kada a taɓa shi idan babu tiraka. Ba ya nufin fayil ɗin ya zama sirri. Duk wanda ya sami mahaɗin torent na jama'a zai iya saukewa ya kuma rarraba, kuma da zarar abu ya bazu a gungu babu hanyar janye shi, saboda haka takardun sirri ba wurinsu ba ne.

Bayan an haɗa, a fara shuka nan take daga foldar da fayil ɗin yake, a kwafi mahaɗin magnet a tura wa waɗanda ake so. A farkon lamari mai haɗawa shi kaɗai ne yake da cikakken kwafi, don haka dole kwamfutarsa ta zauna a kunne, kuma gudun kowa zai dogara da ƙarfin bayarwar layinsa. Idan layin ba shi da ƙarfi, a kunna Super seeding, wanda yake sa manhaja ta riƙa ba kowane takwara gutsure daban, ba ta ƙara masa wani ba sai ta ga na farkon ya isa hannun wasu, yadda kwafi ɗaya cikakke zai shiga gungun da mafi ƙarancin data. Da an ga mutum biyu ko uku sun koma masu shuka, a kashe wannan saiti a koma shuka ta yau da kullum, kuma kafin a kashe kwamfutar a tabbatar aƙalla ɗaya daga cikinsu zai bar tasa a buɗe domin waɗanda za su zo daga baya.